Madugu uban tafiya: Darasin shugabanci daga Iferuwan, garin da ya taɓa zama kufai

Ranar 8 ga Fabrairun 2007, wasu mutane ɗauke da makamai suka far wa sansanin soja da ke Iferuwan, a arewacin jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, suka kashe sojoji uku. Ba a jima ba wata sabuwar ƙungiya mai suna MNJ ta fito ta ce aikinta ne, kuma ta ɗauki makami ne domin neman adalci ga mutanen arewa. Kafin shekarar ta ƙare, an binne nakiyoyi a hanyoyin da ke shiga garin, motocin abinci sun daina zuwa, akasarin mazauna sun kwashi 'ya'yansu sun nufi Arlit da Agadas, wasu kuma sun fake a cikin duwatsu. Lambuna suka bushe, makarantu suka rufe.

Magajin garin a lokacin shi ne Brigi Rafini, wanda kuma ɗan majalisar dokokin ƙasa ne. Matsayinsa ba abin sha'awa ba ne ko kaɗan. Da yawa daga cikin 'yan tawayen 'ya'yan yankinsa ne, sojojin da ke yaƙar su kuma na gwamnatin da jam'iyyarsa ke mara wa baya ne. Mutanen da suka zaɓe shi su ne a tsakiya, kuma su ne suka rasa gidajensu.

Bayan shekara huɗu, ranar 7 ga Afrilun 2011, wadda ta zo daidai da cikarsa shekara 58 da haihuwa, sabon Shugaban Ƙasa Mahamadou Issoufou ya naɗa wannan magajin gari Firaminista. Ya riƙe muƙamin shekara 10 cur, abin da babu wani Firaminista da ya taɓa yi a tarihin Nijar. Ba a san shi da zafafan jawabai ba, bai taɓa jagorantar babbar jam'iyya ba, bai kuma taɓa riƙe bindiga ba. To me ya sa aka ga shi ne ya dace? Amsar tana da tushe a yadda mutanen Abzin suka daɗe suna kallon shugabanci.

Gari a gindin Tamgak

Iferuwan tana cikin wani dogon kwari a gindin dutsen Tamgak, gabas da Arlit. Rayuwar garin ta dogara ga rijiyoyi. Manoma suna noman alkama da masara da albasa da tumatir a ƙarƙashin itatuwan dabino, makiyaya kuma suna yawo da awaki da raƙuma a kwaruruwan da ke kewaye. Tsohon zango ne na ayarin da ke tafiya tsakanin Gat ta Libiya da ƙasar Hausa. A nan ne ma tawagar Faransawa ta Foureau da Lamy ta yada zango na tsawon watanni a 1899, a kan hanyarta ta zuwa Damagaram da tafkin Chadi.

Garin shi ne ƙofar gandun Abzin da Tenere, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Shekara ɗaya kacal bayan haka aka mayar da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari, saboda tawayen da ya ɓarke. Wannan ya nuna yadda arzikin yankin yake rataye da zaman lafiya. Idan an samu kwanciyar hankali, baƙi masu yawon buɗe ido suna zuwa, maƙeran azurfa da direbobi da masu raƙuma suna samun na cefane. Idan aka ji ƙarar bindiga sau ɗaya, komai ya tsaya.

A wuri irin wannan, inda jama'a suke warwatse kuma kowane gida yana iya naɗe tabarmarsa ya ƙara gaba, mulkin danniya ba ya daɗewa. Wanda aka matsa wa sai ya kora dabbobinsa zuwa wani kwarin. Saboda haka tun fil azal shugaba a Abzin yana riƙe mutane ne da yardarsu.

Sarkin da ba shi da dangi

Tarihin baka na Agadas yana cewa ƙabilun Abzinawa sun gaji da faɗa da juna, kuma babu wadda ta yarda ɗan wata ƙabila ya mulke ta. Sai suka tura wakilai zuwa Santambul suka roƙi Sarkin Musulmin can ya ba su wanda zai riƙa raba musu gardama. Masana tarihi da yawa suna kallon batun Santambul a matsayin labarin da aka ƙawata, amma sun yarda cewa an kafa sarautar a wajajen 1405, kuma sarki na farko shi ne Yunus.

Abin lura a labarin shi ne dalilin naɗin. An nemi mutumin da ba na kowa ba ne domin ya zama na kowa. Sarkin Abzin ba shi da wata babbar rundunar kansa. Aikinsa shi ne sasanta ƙabilu, tsare hanyoyin fatauci, da tabbatar da cewa baƙon da ya shigo kasuwar Agadas ya fita da dukiyarsa lafiya. A fadarsa akwai sarautu masu sunan Hausa, kamar Galadima da Sarkin Turawa, wanda ke kula da fataken Larabawa, domin a wancan zamani su ake kira Turawa. Idan sarki ya karkata ga wani ɓangare, shugabannin ƙabilu suna iya sauke shi, kuma tarihin masarautar cike yake da sarakunan da aka tuɓe.

Ƙabilun Kel Ewe, waɗanda su ne suka fi yawa a duwatsun da ke kewaye da Iferuwan da Timiya, suna da nasu jagoran da ake kira Anastafidat. Baturen Ingila Francis Rodd, wanda ya zagaya Abzin a 1922, ya rubuta cewa zaɓen sa ake yi na wani wa'adi, kuma waɗanda suka zaɓe shi suna iya sauya shi. Tun kafin shi, Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa yankin a 1850 ya kuma shiga Agadas, ya lura da yadda Hausa ta zama harshen yau da kullum a bakin Kel Ewe, saboda zirga-zirgarsu zuwa Katsina da Kano.

A harshen Tamajak akwai kalmar ashak, wadda ta haɗa mutunci da kamun kai. Mai ashak ba ya wulaƙanta wanda ya fi shi rauni, ba ya ɗaga murya a gaban dattawa, ba ya cin amanar wanda ya fake da shi. Bahaushe zai gane wannan da sauri, domin ita ce kunya da dattako da ake nema ga babba. Da ma ai an ce babba juji ne.

Madugu ba shi da ɗan sanda

Babu inda wannan fahimta ta fi fitowa fili kamar a ayarin gishiri. Duk shekara, bayan damina, mutanen Abzin suna ɗaure wa raƙuma kaya su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar ɗaruruwan kilomita a cikin rairayi. Suna kai gero su karɓo kantun gishiri da dabino, su dawo gida su huta, sannan su gangara kudu zuwa Damargu da Damagaram har Kano. A can ne suke sayen alasho, rawanin nan mai sheƙin baba da ake rinawa a Kura. Wanda ke jan wannan ayari, Abzinawa ma da sunan Hausa suke kiransa: madugu.

Madugu ya san rijiyoyi da nisan da ke tsakaninsu. Da rana yana karanta inuwa da yadda iska ta kwantar da rairayi, da dare yana bin taurari. Shi ke ƙayyade yawan ciyawar da za a ɗauka, da inda za a ajiye wani kaso domin dawowa, tun da babu abin da raƙumi zai ci a hanya. Ayari yakan tashi da safe ya yi ta tafiya har cikin dare ba tsayawa, mutane suna shan furarsu ta gero da cuku da dabino suna tafe. Kuskuren kwana ɗaya yana iya zama ajalin kowa.

Duk da wannan nauyi, madugu ba shi da ɗan sanda ko kurkuku. Mutane suna bin sa ne saboda bara ya kai su ya dawo da su. Ƙishirwar da ke damun na baya ita ke damun sa, kuma saurinsa ba ya wuce na raƙumin da ya fi gajiya. Idan ya ɓatar da ayari sau ɗaya, baɗi ba sai an yi taron tsige shi ba, zai waiwaya ne kawai ya ga babu kowa a bayansa. Ma'aunin ɗaya ne tak: mutum nawa aka tashi da su, mutum nawa suka iso?

Jarumta da abin da take ci

Abzin ta san wani irin jagoran kuma, wato jarumin yaƙi. A watan Disambar 1916, Kawusan ya kewaye barikin Faransawa da ke Agadas tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Sun riƙe garin har zuwa Maris na 1917, lokacin da dakarun Faransa suka iso daga Damagaram. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe mutane da dama a Agadas, ciki har da malamai, an ƙwace raƙuma, an kuma kwashe mazauna arewacin Abzin zuwa kudu, garuruwa suka zama kufai. An kashe Kawusan a Murzuk ta Libiya a 1919, Tagama kuma ya rasu a hannun Faransawa a Damagaram a 1920.

Har gobe Kawusan gwarzo ne a Nijar, kuma da wuya a samu mai musun cewa zaluncin mulkin mallaka ne ya haifar da boren. Sai dai dattawan Abzin sun gaji labarin ɓangarorin biyu: na jarumtar, da na shekarun da aka ɗauka kafin lambuna su sake yin kore.

Tarihi ya sake juyowa bayan kashe-kashen Cintabaradan na watan Mayun 1990. Matasan da fari ya kora zuwa Libiya da Aljeriya suka dawo suka tarar babu abin da aka tanadar musu, sai tawaye ya ɓarke, inda sunaye irin su Rhissa Ag Boula da Mano Dayak suka yi fice. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da ta zama ta hutun haɗin kan ƙasa. Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disambar wannan shekarar, a kan hanyarsa ta zuwa tattaunawa. Ranar 25 ga Satumbar 2000 aka ƙona makamai a Agadas a bikin da aka kira wutar zaman lafiya, a 2001 kuma aka fara bikin al'adun Abzin a Iferuwan, wanda ya riƙa jawo baƙi daga ƙasashen waje.

Babban alƙawarin yarjejeniyar shi ne a miƙa wa jama'a ikon tafiyar da garuruwansu. Sai a watan Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, kuma a nan ne Brigi Rafini ya zama magajin garin mahaifarsa.

'Ya'yan kwari ɗaya, hanya biyu

Rafini ba baƙo ba ne a gwamnati. Ya yi makarantar horar da ma'aikatan mulki ta Yamai, ya ƙaro karatu a Faransa, ya kuma riƙe muƙamin ministan noma a zamanin Janar Ali Saibou, a ƙarshen shekarun 1980. Daga baya ya shiga jam'iyyar RDP-Jama'a, wadda Hamid Algabid ya jagoranta, wato Ba'abzinen farko da ya zama Firaminista, daga 1983 zuwa 1988. Tsohon minista ya koma ya nemi kujerar magajin wani ƙaramin gari mai nisan sama da kilomita 1,000 daga babban birni, abu ne da ba kasafai ake gani ba. Daga 2004 zuwa 2009 ya haɗa wannan kujera da ta mataimakin shugaban majalisar dokoki na huɗu.

Jagoran MNJ, Aghali Alambo, shi ma ɗan wannan yanki ne. Koke-koken da ƙungiyarsa ta gabatar ba baƙi ba ne ga kowa a Abzin: tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma garuruwan da ke kewaye ba su ga hanya ko asibitin kirki ba, kuma ba a cika alƙawuran 1995 yadda ya kamata ba. Zaɓaɓɓun yankin ma suna faɗin haka a majalisa. Inda aka rabu shi ne hanyar da za a bi.

Shugaba Mamadou Tandja ya ƙi amincewa da cewa akwai tawaye, yana kiran mayaƙan 'yan fashi da masu fataucin ƙwaya. Bayan harin Tazarzait na watan Yunin 2007, inda aka kashe sojoji aka kuma kama wasu da dama, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Agadas a watan Agusta. Tsayawa a tsakiya ya zama haɗari. An tsare ɗan jarida Moussa Kaka fiye da shekara ɗaya bisa zargin hulɗa da 'yan tawaye, an kuma tsare Ibrahim Manzo Diallo na jaridar Aïr Info ta Agadas na tsawon watanni. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun zargi sojoji da kashe fararen hula, sun kuma zargi 'yan tawaye da binne nakiyoyi.

A irin wannan yanayi, duk mai kiran a zauna a tattauna yana shan suka ta fuska biyu. A Yamai ana yi masa kallon ɗan tawayen da ya sa babbar riga, a cikin duwatsu kuma ana ce masa ɗan koren gwamnati. Rafini bai hau dutse ba, bai kuma juya wa mutanensa baya ba. Ya zauna a cikin tsarin hukuma, a sahun zaɓaɓɓu da sarakunan yankin da ke neman a yi sulhu. A ƙarshe abin da aka yi ke nan. A 2009, da shiga tsakanin Shugaba Gaddafi na Libiya, Tandja ya gana da wakilan 'yan tawaye a Agadas, aka ajiye makamai, aka yi afuwa. Mutanen Iferuwan suka fara komawa gida suna yashe rijiyoyinsu.

Shekarar da Mali ta faɗi

Amfanin mutum irin wannan ya fito ne bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011. Dubban 'yan Sahel da suka zauna a Libiya suka kwararo gida, wasunsu da manyan makamai. A Mali, ƙungiyar MNLA ta fara yaƙi a watan Janairun 2012, sojoji suka kifar da gwamnati a Bamako a watan Maris, ranar 6 ga Afrilu kuma aka ayyana ƙasar Azawad. Ba a daɗe ba ƙungiyoyi masu iƙirarin jihadi suka ƙwace Gao da Tumbuktu da Kidal. Masu sharhi da yawa sun zaci arewacin Nijar ne zai biyo baya, tun da tawayen ƙasashen biyu ya saba tafiya tare.

Hakan bai faru ba. Dalilan suna da yawa, kuma ba daidai ba ne a jingina su ga mutum ɗaya. Abzinawan Nijar sun bazu a jihohi da dama, sun cuɗanya da Hausawa da sauran ƙabilu ta aure da kasuwanci. Sojojin Nijar sun tsaurara tsaro a iyaka, suna karɓe makaman masu dawowa. Faransa ma a lokacin tana da ma'adinan da take tsaro a Arlit. Sannan ƙwaƙwalwar 2007 ba ta gushe ba, mutane sun san abin da yaƙi ya ci musu.

Amma akwai kuma zaɓin da shugabanni suka yi. Matashin da ya dawo daga Libiya ya tarar Firaministan ƙasar ɗan Iferuwan ne mai naɗa rawani irin na mahaifinsa. Ya tarar tsohon jagoran tawaye Mohamed Anacko shi ne zaɓaɓɓen shugaban majalisar jihar Agadas, Rhissa Ag Boula kuma yana ba Shugaban Ƙasa shawara. Iferuwan kanta an ɗaga ta zuwa matsayin gunduma a 2011. An farfaɗo da hukumar ƙarfafa zaman lafiya ta HACP, an yi babban taron zaman lafiya a Arlit a farkon 2012, a watan Oktoban shekarar kuma Rafini ya ƙaddamar da wani shiri na shekara biyar domin tsaro da raya yankunan hamada, wanda aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan 2.5. Mai son ya ce wa matasa ba su da rabo a ƙasar, sai ya ga maganarsa ta yi rauni.

Aikin Firaministan a wannan fage irin na Sarkin Abzin ne na dauri: karɓar tawagogi, zuwa ta'aziyya, zama da sarakuna da tsofaffin mayaƙa, sauraron ƙorafi har mai yi ya gaji. Irin wannan aiki ba ya shiga kanun labarai, domin nasararsa ita ce abin da bai faru ba. Ko da 'yan ta'adda suka kai harin ƙunar baƙin wake a barikin Agadas da ma'aikatar yuraniyom ta Arlit ranar 23 ga Mayun 2013, lamarin bai rikiɗe ya zama faɗan ƙabilanci ba.

Inda haƙuri bai kai ba

Sai dai madugu ba a yaba masa don ya hana faɗa a cikin ayari kawai. Dole ya kai mutane rijiya. A nan ne masu suka suke da abin faɗa, kuma maganarsu tana da nauyi.

Na farko, suna cewa ainihin iko yana fadar Shugaban Ƙasa da hannun jiga-jigan jam'iyyar PNDS-Tarayya, kuma an daɗe da Rafini ne saboda ba ya barazana ga kujerar kowa. Halin da ya sa kowa ya yarda da shi, wato rashin jayayya, shi ne kuma ya sa ba a ji muryarsa ba a lokutan da jama'a suka so su ji ta. A zamanin gwamnatin da yake jagoranta aka tsare shugabannin ƙungiyoyin farar hula irin su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika a 2018, saboda zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi. A zamaninta ne binciken ma'aikatar tsaro ya bankaɗo a 2020 cewa an yi aringizon biliyoyin sefa a cinikin makamai, a daidai lokacin da ƙasar ke makokin sojoji 71 da aka kashe a Inates da wasu 89 a Shinagodar. Kuma a shekaru da dama na wannan lokaci Nijar ce ta ƙarshe a ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Na biyu, arewar kanta. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankunan da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin shiga, amma zaɓaɓɓun Agadas sun sha kokawa kan jinkirin biya. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda yuraniyom ke bi ya fita, ta lalace har ta zama abin misali. An dakatar da aikin Imuraran a 2014, kamfanin COMINAK kuma ya rufe a watan Maris na 2021. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda Tarayyar Turai ta mara wa baya, ta raba ɗaruruwan direbobi da motocinsu, alhali da yawansu tsofaffin mayaƙa ne da aka ƙarfafa wa gwiwar shiga sufuri bayan sulhu.

Abin da ya riƙe matasa da yawa a waɗannan shekaru bai fito daga wani ofishi ba. Zinariya ce da aka gano a Jado da Cibarkatan a 2014, wadda ta ja dubban mutane daga Nijar da Chadi da Sudan da Nijeriya. Ana iya cewa shugabanni sun sayo lokaci da haƙuri, Allah kuma Ya kawo zinariya ta cike giɓin. Wanda ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki ya yi gaskiya, amma matashin da ba shi da aikin yi ba zai ci zaman lafiya ya ƙoshi ba.

Ma'aunin da ya rage

Rafini ya sauka a watan Afrilun 2021, lokacin da Issoufou ya miƙa mulki ga Mohamed Bazoum, daga nan ya zama babban sakataren ƙungiyar ƙasashen Sahel da Sahara ta CEN-SAD. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da gwamnatin Bazoum. Sabbin mahukunta sun soke dokar 2015 a watan Nuwambar wannan shekarar, matakin da ya faranta wa mutane da yawa rai a Agadas. A watan Afrilun 2024 kuma suka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, suka naɗa masu riƙo. Kujerar da Rafini ya hau a 2004 ta hanyar ƙuri'a, yanzu naɗi ake yi.

Ga matashin da ke Kano ko Maraɗi, ko wanda ke neman na kansa a Tamanrasat ko Tarabulus ko Faris yana bin labarin gida a waya, gardamar shugabanci takan tsaya ne a kan wa ya fi iya magana, wa ya fi tsaurin ido, wa ya fi zagin abokin gaba. Tarihin Iferuwan yana ba da wasu tambayoyin na daban. Shin mutumin nan ya san hanya, ko kuwa yana koyo ne da rayukan mabiyansa? Ɓangarorin da ba sa ga maciji da juna suna iya zama a zaurensa? Idan abu ya ɓaci, ƙishirwar tana kama shi tare da jama'a, ko iyalinsa suna can wata ƙasa? Akwai hanyar da za a sauke shi idan ya kauce? Bayan duk wannan, ya kai mutane ga ruwa?

Kawusan yana da jarumta, amma ayarinsa bai iso ba. Rafini ya taimaka ayari ya tsaya wuri ɗaya a shekarar da na maƙwabta ya watse, sai dai rijiyar da aka yi wa mutane alƙawari har yanzu da saura. Mutanen Abzin suna girmama su biyun, kuma sun san abin da kowannensu ya bari ba a gama ba.

A Timiya da sauran ƙauyukan duwatsun Abzin, har yanzu akwai gidajen da ke ɗaure wa raƙuma kaya idan damina ta wuce, duk da cewa manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na cinikin gishirin Bilma. Kafin a tashi, magidanta sukan tambayi abu ɗaya: bana wa zai ja ayarin? Sai sun ji sunan, sannan su yanke shawarar ko za su tura 'ya'yansu.